Na Ce Masu Ina Kano

Talata, 5 ga Agusta, hantsi

Labaran ƙanena ne ya ba ni wannan littafin. Ya ce in riƙa rubuta ruwan da na sha da launin abin da ke fita, likita zai tambaya. To, ga shi na rubuta: kofi huɗu tun safe. Launi kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Sauran takardar kuma tawa ce, in rubuta abin da na ga dama.

Yau kwana uku da yin aikin a Katsina. Ba yanka suka yi ba, ko tabo babu. Wani nama ne ke kumbura ma maza a wuyan mafitsara in shekaru sun ja, ya toshe hanya. Ta hanyar suka bi da wani siririn ƙarfe suka kankare shi. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kansa. Sun bar mani roba, da leda a ƙarshenta wadda nake ɗaurewa a cinya ƙarƙashin riga. Ni, Tukur, da na yi shekara goma sha tara ina hedimasta.

Likita ya ce mako shida ban da hawa mashin, ban da ɗaukar abu mai nauyi. Garinmu kuwa yana can bayan Ɗantutture, kuma in damina ta yi nisa irin yanzu, mashin kaɗai ke shiga. Shi ya sa nake nan Dutsin-Ma, a ɗakin bayan gidan Labaran, ni da buhunan wakensa.

Mutanen gari sun san ina Kano ana duba mani ido. Ni na faɗa masu haka. Ciwon ido ai ba abin kunya ba ne. Huseina matata kaɗai ta san gaskiya, sai Labaran.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Kofi bakwai. Launi bai canza ba. Ɗakin nan warin maganin ƙwari yake yi.

Alhamis, 7 ga Agusta, la'asar

An cire robar da safe a asibitin nan, aka ce in gwada da kaina. Na tsaya, na tsaya, na tsaya. Ko ɗigo. Aka mayar da ita. Ma'aikacin da ya mayar ɗin bai fi sa'an ɗaliban da na kora gida saboda makara ba, yana yi yana ce mani, "Sannu Baba, saki jikinka." Na kalli silin.

Da na dawo Huseina ta kira. Ta ce, "Malam, Alu fa ya kwanta. Ƙafafuwansa sun kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Yana tambayar yaushe za ka dawo."

Na ce, "Mi kika ce mashi?"

"Mi zan ce? Na ce ido bai washe ba. Malam, bakina ya gaji da wannan maganar."

Alu ɗan kawuna ne, taubashina, wata biyu ne tsakaninmu. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, ni na tafi boko shi ya riƙe fartanya. Shekara sittin da huɗu bai taɓa gaishe ni ba tare da ya tsokane ni ba.

Ban kira shi ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Ban je Juma'a ba. Daga nan ɗakin na ji huɗuba. Da mi zan je? In yi sujada ledar ta zame a tsakiyar sahu?

Bari in rubuta abin da ke cina, ko zan samu sauƙi. A garinmu, in namiji ya rasu, ni ake kira in yi mashi wanka. Na gaji aikin daga mahaifinmu, shekara talatin da ɗaya ke nan. Na ga abin da mazan garin nan suka ɓoye ma matansu da 'ya'yansu. Mai ƙari, mai gwaiwa, mai tsohon gyambo a inda ba a nunawa. Ban taɓa buɗe baki ba, ko Huseina ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Shi ya sa suke so na, shi ya sa kuma wasu ba su iya haɗa ido da ni a majalisa.

Bayan Babbar Sallar nan da ta wuce, muna zaune gindin ɗorawar gonarsa, Alu ya ce, "Hedimasta, in na riga ka, kai za ka wanke ni. Kuma kai kaɗai za ka ɗaga zane. Kada ka bari 'ya'yana su gani."

Na ce, "Kai da za ka ga bayan kowa a garin nan? Mugu ai ba ya mutuwa da wuri."

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Amana ce."

Na ce na karɓa. Ban tambaye shi mi ne ne ba ya so a gani ba. Ban tambaya ba.

Asabar, 9 ga Agusta, safe

Ruwan sama tun asuba. Hanyarmu yanzu ta zama kunu. Kofi uku.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Alu ne ya kira. Na ga sunansa a waya, na bari ta yi ƙara har ta kusa yankewa, sannan na ɗauka.

"Hedimasta! Makahon Kano! An ce sun ƙwaƙule idon sun sa maka na akuya."

Muryar ce ta tsorata ni. Tsokanar tana nan, amma iska ce ke fita fiye da magana.

Na ce, "Ɗan kawu, an ce ka kwanta. Ragwanci ne, ka ga noma na biyu ya zo."

"Sanyi ne kawai ya kama ni. Yarona Munzali ya kawo mani saiwa, ina sha." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kano da nisa, ko?"

"Da nisa."

"To. Ka dai tuna maganar gindin ɗorawa."

Na ce ina tune, in sha Allahu wannan makon zan dawo. Daga inda nake zaune zuwa ƙofar gidansa, in hanya ta bushe, mai mashin ba ya cika awa ɗaya. Na ajiye wayar. Wallahi na ji ƙyamar kaina.

Litinin, 11 ga Agusta, magariba

Mun yi cacar baki da Labaran. Ya shigo da tuwo ya tsaya a kaina.

"Yaya, ni fa abin nan ya ishe ni. Jiya mutumin garinmu ya zo rumfata sayen wake, yana tambayata lafiyarka, ina yi mashi ƙarya kana bayan gidana. Mi ka yi? Sata ka yi? Ciwo ne fa."

Na ce, "Kai ba ka san mutanenmu ba? Gobe a majalisa a ce Malam Tukur an sa mashi roba, yana yawo da fitsarinsa a leda. Wa zai sake bari in taɓa gawar ubansa?"

"To Yaya Alu fa? Ba ka ce amana ya ba ka ba?"

Na ce ya fita ya ba ni wuri. Ya fita. Ni da na san shi tun yana goye, yau shi ke koya mani amana.

Talata, 12 ga Agusta, azahar

An cire robar, kuma yau ta yi. Da zafi kamar an zuba barkono, amma ta yi. Alhamdu lillahi. Sai dai yana ɗiga ba da sanina ba, in na yi tari ko na miƙe. Sun ce zai daina. Kafin nan na yayyaga tsohon rawanina ina naɗewa, in ɗaure da zare a ƙugu.

Da ma a nan labarin yau ya tsaya.

Ina fitowa daga ɗakin da ake cire robar, ina tafiya ƙafa a buɗe, riƙe da katina, sai ga Munzali a baranda. Babban ɗan Alu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Magani ya zo nema ma uban. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar da na fito, ya kalli idanuna guda biyu lafiya ƙalau ba ko tabarau.

Ya durƙusa. "Baba Malam, ina wuni."

"Lafiya lau, Munzali. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi." Ya miƙe tsaye. "Amai yake yi. Ba ya son kowa ya shiga ɗakin sai Inna. Mun ce mu kawo shi asibiti ya rantse ba mai tuɓe shi."

Na buɗe baki in ce jiya na sauka daga Kano. Ƙaryar ta zo har bakina ta ƙi fita. Shi ne ya cece ni, ya ce, "Bari in hanzarta kafin hadari ya taso. Allah ya ƙara sauƙi, Baba Malam." Bai tambaye ni komai ba.

Laraba, 13 ga Agusta, magariba

Na wuni ina jiran waya ta yi ƙara a ce gari ya ɗauka. Shiru. Bai faɗa ma kowa ba ke nan. Da ya tona ni da ya fi mani sauƙi.

Alhamis, 14 ga Agusta, hantsi

Kofi biyar. Launi ya fara komawa na mutane.

Akwai abin da nake ta kewayewa tun da na fara rubutun nan. Bari in ɗan matsa kusa da shi.

Shekara biyu da suka wuce, a majalisar ƙofar masallaci, mutum biyu ne ba su iya zama daga la'asar zuwa magariba ba su tashi sau uku ba. Ni in ce zan duba akuya. Alu ya ce ya manta wani abu a gida. Wata rana muka yi kiciɓis a bayan katangar makaranta, kowa da butarsa, kowa ya daɗe a tsugune. Da muka fito ya ce, "Hedimasta, shayi ya yi mana yawa." Na ce, "Shayi ne." Muka yi dariya.

Da kakar bara na je Katsina ni kaɗai, na ga likita. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in ba su yi ba akwai aiki mai sauƙi, kuma kada in yi wasa, in aka bar shi yana komawa ya taɓa ƙoda. Na dawo gari na ce littattafai na je saye.

Yau iya nan zan iya.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan Juma'a

Gobe zan tafi. Mako shida na likita, shi ya sani. Na gaya ma Huseina ta share ɗaki.

Asabar, 16 ga Agusta, la'asar

Wautar tsufa ta fi ta yaro muni. Da safe na ce bari in gwada ƙarfina, tun da wanka ai sai da juya mutum. Na kama bakin buhun wake na ɗaga. Ban ji komai ba. Bayan rabin awa na shiga bayi, sai jini, ja wur, har da gudaji. Daga nan hanya ta sake toshewa.

Labaran ya kai ni asibiti a keke mai ƙafa uku ina cije leɓe. Sun wanke, sun mayar da roba. Likitan ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu? Ɓawon ciwon ka fasa. In ka hau mashin a haka, kana iya zubar da jinin da ba mu da shi a nan."

Na ce, "Likita, ina da maras lafiya a ƙauye."

Ya ce, "Kai ma maras lafiya ne."

Lahadi, 17 ga Agusta

A kwance. Ja.

Litinin, 18 ga Agusta, azahar

Huseina ta ce shaƙuwa ta kama Alu tun jiya ba ta sake shi ba. Ba ya gane mutane sosai. Ta ce in an shiga sai ya ce, "Hedimasta ne?" In an ce a'a sai ya juya ma bango.

Ta ce, "Mata sun fara magana a rijiya, Malam. Wai wane irin ido ne wannan da ya fi ɗan'uwa."

Na ce su yi ta yi.

Ta ce, "Ni ma na fara tambayar kaina." Ta kashe wayar. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kashe mani waya ba, ko da yake wayar ba ta kai haka ba, amma ka gane abin da nake nufi. Wa nake ce ma ka gane? Littafi.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Na kira Munzali na ce ya kara ma uban waya a kunne, shi kuma ya fita waje. Na ji ƙarar labule, sannan numfashi, da shaƙuwar nan mai tsinka zuciya.

Na ce, "Alu, ni ne. Ba Kano nake ba. Ina Dutsin-Ma gidan Labaran. Idona lafiya lau. Abin nan ne, na bayan katangar makaranta. Aiki aka yi mani. Ana yin aikinsa, Alu. Da ma ana yi."

Numfashi kawai.

Na ce, "Ka yafe mani."

Ban san ko ya ji ba. Na daɗe ina riƙe da wayar har Munzali ya dawo ya ce, "Baba Malam, barci ya ɗauke shi."

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Munzali na tsakar gida, ya zo da mashin. Alu ya cika bayan sallar asuba. Ya ce dattawa sun ce a aika Kurfi a kira Malam Audi ya yi wankan, tun da ina Kano. Shi ya ce masu a jira shi awa huɗu.

Labaran ya tare ƙofa yana cewa, "Yaya, ka ji abin da likita ya ce." Na ji. Na ce ya ba ni filo.

Alhamis, 21 ga Agusta, hantsi, a gida

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Mota ta kai ni inda kwalta ta ƙare, Munzali na biye a kan mashin. Daga nan na hau bayan Munzali a kan filo, a karkace, ƙafafuwana duka biyu gefe ɗaya, irin zaman da tsofaffin mata ke yi. Inda hanya ta yi muni ya sauka ya tura mashin ɗin da ni a kai, taɓo har ƙwauri. Haka muka shiga gari, haka muka ratsa mutanen da ke zaune ƙofar gidan Alu. Da zan sauka rigata ta kama, ledar ta leƙo, jajir. Kowa ya gani. Wani ya fara cewa, "Malam, ya ido..." sai ya haɗiye sauran. Na gyara rigata na ce, "Ina ruwan? An kawo ganyen magarya?"

An shimfiɗe shi a ɗakinsa, an rufe da zane. Na kori kowa. Sai na tuna ko buta cikakkiya ba zan iya ɗagawa sama ba, balle in juya mutum. Na kira Munzali. Na ce, "Mahaifinka ya bar mani wasiyya. Za ka zuba ruwa, za ka juya shi in na ce, amma fuskarka na bango. Ko mi ka ji kada ka waiwayo." Ya ce to.

Na naɗe hannuna da ƙyalle na ɗaga zanen.

Tsumma ne. Tsohon rawani, an yayyaga, an naɗe, an ɗaure da zare a ƙugu. Ƙullin ma a gefen hagu, inda nake yin nawa. Fatar wurin duk ta saɓule, ba ciwon wata ɗaya ba ne ko biyu. Mararsa ta yi tauri ta taso. Na yi ma mutum sama da ɗari wanka ban taɓa kuka a kan gawa ba. Jiya sai da na dafa ƙasa.

Na kwance tsumman na cusa a aljihuna. Na wanke wurin a hankali, na mayar da zane. Na yi mashi alwala, na fara da dama. Munzali yana zubawa, yana juyawa, idonsa na bango, bai saɓa ba ko sau ɗaya. Babu wanda ya gani. Wannan dai na cika.

Muna wanka na uku, na kafur, ya yi magana, fuskarsa har yanzu a bango.

"Baba Malam, wata shida Inna na wanke tabarmar nan a ɓoye. Ni ba yaro ba ne. Abin da aka yi maka aiki a kansa, irin na Baba ne?"

Na ce, "Irinsa ne."

"Ana warkewa?"

"Ana warkewa."

Ruwan ya tsaya.

"Tun yaushe ka san haka?"

Ina da ƙarya a kusa, mai sauƙi, wadda ba wanda zai taɓa kama ni. Amma hannuna na kan ƙirjin Alu.

Na ce, "Tun kakar bara."

Ya karkata butar ya ci gaba da zubawa har muka gama. Muka sa likkafani tare, ya riƙe kai na ɗaure ƙafa. Ban iya bin makara ba, a zaure na zauna ina jin salatinsu yana nisa.

Da yamma, bayan mutane sun ragu, ya zo inda nake. Ya tsaya daga tsaye, bai durƙusa ba. Ya ce, "Mun gode da wanka. Gobe in hanya ta sha iska zan sa a mayar da kai asibiti, Malam Tukur."

Ni na yi mashi huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Bai taɓa kirana da sunana ba sai jiya.